Yayana da Shari'ar Gulbin da Ya Sauya Hanya

Lokacin da muke yara a ƙauyenmu na bakin gulbin Rima, tsakanin Goronyo da Wurno, idan aka ce wa mutum lauya to zaginsa aka yi. Mai gardamar da ya san ba shi da gaskiya amma ya ƙi bari, shi ake kira haka. Na tuna ranar da yayana ya gaya wa Innarmu karatun da zai tafi yi Sudan. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce, "Duk karatun duniya ka rasa wanda za ka yi sai na ƙarya?" Yau ga shi a gidajen gaɓa biyu na gulbin nan akwai 'ya'yanmu da jikokinmu da ke wannan karatu, wasu a Sakkwato da Zariya, wasu a Yamai, akwai wadda ke Alƙahira, akwai wanda ya kai har Malesiya, kuma iyayensu da bakinsu suke faɗa a kasuwa ba a tambaye su ba. Mutumin da ya wanke wannan suna a wurinmu shi muka binne a Wurno a farkon ranin nan. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Ya cika da hantsi bayan 'yar jinya. Kafin azahar labari ya kai ƙetaren gulbi, masu jiragen fito suka bar duk abin da suke yi suka shiga ɗebo mutane zuwa gaɓarmu, inda motoci da babura ke jira. Dangin matarsa suka taso daga Rabah. Mutanen Taloka da Magarya suka zo, har da na Shinaka, duk da halin da hanyarsu take ciki. Wayata ba ta huta ba. Wani tsohon alƙali ya kira daga Banjul yana magana da Ingilishi, wata lauya ta kira daga Yamai da Faransanci, ni kuwa ina tsaye a zaure ina juya wa 'yan uwa abin da aka ce, tunda tafinta ne aikina tun ina saurayi.

Taubashinmu, ɗan kawunmu, wanda shi ne babban masuntan ƙetare, ya iso ana cikin yi wa gawa wanka. Sa'an mamacin ne. Tun suna yara yake kiran Yaya bawansa, yadda 'ya'yan namiji ke kiran 'ya'yan mace a wasan taubasai. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana dogara sanda, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku diba min ragon bawan ga. Ƙasa nawa yaz zauna, harshe nawa yaj ji, amma tuƙin jirgi ya gagare shi. Kai, tashi mu tahi, ban sallame ka ba."

Mutane suka yi dariya, hawaye na zuba. Shi kuwa ya juya zai fita, sai ya zauna a dokin ƙofa ya rufe fuska da hannun riga.

Ɗan baffanmu, mai unguwar gaɓarmu kuma jagoran manoman albasa, shi ma ya zo. A maƙabarta ya karɓi diga daga hannun masu haƙa ya yi ta sara har sai da aka riƙe shi. Da aka ɗauki makara na ga shi da taubashinmu a gefe ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Yaran yau ba su ga wani abin mamaki a nan ba. Mu da muka san lokacin da waɗannan biyun ba sa tsayawa sahu ɗaya a masallaci, mun gani. Saboda yaran nake wannan rubutu, don sun san shi ne kawai a matsayin Baba Lauya, tsohon da ke zaune a zaure da rediyo da tabarmi biyu.

Ni na yi yawo gwargwado. Na yi aiki a Yamai da Jidda da Akra, kuma duk inda na sauka bakina na tare da ni, washegari na kama aiki. Sana'ar Yaya ba haka take ba. Ya kan ce, "Likita shina ƙetare iyaka da iliminai, don hanta hanta ce ko'ina. Lauya ko, a bakin iyaka yake tuɓe nashi, kamar takalmi a ƙofar masallaci." Ya gama karatu a Hartum da Larabci da Ingilishi, malamansa na yabonsa. Da ya isa Landan aka ce masa duk wannan mun ji, koma aji. Ya koma. Can ma bayan jarrabawa sai da ya yi ta cin abincin dare tare da manyan lauyoyi kafin su yarda ya zama ɗayansu, wai al'adarsu ce. Da ya ba Inna wannan labari ta ce, "Ashe can ma sai ka ci tuwon gidan mutum kake zama nashi." Daga ranar ta ɗan sassauta wa sana'ar.

Daga Landan ya tafi Banjul, ya daɗe yana lauyan gwamnati. Daga baya ya zo Yamai yana ba da shawara kan dokokin ruwa da makiyaya, ya tarar da dokar Faransa, wadda bai san ko bihim a cikinta ba. Ya haura hamsin a lokacin. Ni ƙanensa na zama malaminsa na Faransanci, kuma ban raga masa ba, don na rama dukan da ya yi mini a makarantar allo. Kullum bayan la'asar mu zauna a tsakar gida, shi da ƙaramin littafi, ni da kofin shayi, ina gyara masa yana cewa, "To, Malam." Yakan kwatanta wuraren nan uku yana dariya. Ya ce a Hartum malami zai tambaye ka dalili da wanda ya faɗa. A Landan sai ka zama maharbi, ka bi sawun hukuncin da wani alƙali ya yanke tun kafin a haifi kakanka. A Yamai kuwa an rubuta komai aya aya, ka nemo ayarka ka tsaya a kanta.

Akwai abin da na gani da idona lokacin da na ziyarce shi a ɗaya daga cikin ƙasashen nan. Duk Juma'a bayan masallaci yakan bi ta gidan yari ya tsaya a tsakar fili ya yi sallama da Hausa da ƙarfi, sannan da Fulatanci. Idan wani ya amsa, to ya samu aiki. Ranar da na raka shi wani mai fataucin shanu ya amsa daga can lungu, ya taso yana kuka, ashe ya daɗe a tsare ba wanda ke jin abin da yake faɗa. Mutumin ƙasar Magarya ne. Yaya ya bi maganarsa har ya fito. Ɗansa ne ya zo ta'aziyya da sa, ya ce ubansa ya bar wasiyya.

Tabarmi biyun nan kuwa, ga asalinsu. A Hartum wani shehinsa ba ya barin ɗalibi ya kawo hujjar mazhabarsa sai ya fara kawo ta waɗanda yake saɓa wa, cikakkiya. A Landan kuma sukan ba ɗalibi ɓangare ɗaya na shari'a ya shirya, ranar gwaji a juya shi ɗaya ɓangaren. Yaya ya haɗa biyun ya mai da su tabarma. Duk wanda ya kawo masa ƙara bayan ya yi ritaya ya dawo Wurno, sai ya saurare shi a tabarmar dama har ya gaji. Sannan ya ce, "To, koma waccan. Yanzu kai ne abokin rigimarka. Hwaɗa min mi anka yi maka." Mutane da yawa sun tashi sun bar zauren da fushi. Da yawa kuma sun koma gida ba su sake tayar da maganar ba.

Sai shekarar babbar ambaliya, wadda duk mai wayo a ƙasar Goronyo da Wurno ya san ta. Kakanninmu ba su taɓa kafa dutse tsakaninsu da masuntan ƙetare ba. Gulbi shi ne iyaka: daga ruwa zuwa nan ƙasar manoma, ruwan da abin da ke bayansa na masunta. Ba wanda ya taɓa tunanin iyakar za ta tashi ta yi tafiya. Da ruwa ya janye aka tarar gulbin ya bar tsohuwar hanyarsa ya yanko ta tsakiyar fadamarmu. Mafi kyawun gonakinmu na albasa suka koma ƙetare, a bakin ƙofar masunta. Su kuma tsohon gulbinsu, da guraben da iyayensu suka yi su a ciki, ya zama laka da yashi.

Masunta suka ce iyaka gulbi ce tun dauri, ƙasa ta zo gefenmu, Allah ya ba mu. Suka shiga suka yi shuka. Namu suka ce mun san kowane fangalin gona da mai shi, kuma tunda haka ne, ba tarun da zai sake shiga ruwan da ke gudu a kan gonakinmu. Aka jefa injin ban-ruwa a gulbi. Aka fasa jirgi. Aka fasa kawuna. Matan da ke aure a gaɓa biyu suka daina zuwa ganin gida. Ƙanwar Innarmu ta rasu a ƙetare, ba namiji ɗaya daga gaɓarmu da ya je jana'iza sai Yaya da ni, mu ma ba a ba mu ruwa ba. Mutanenmu suka shigar da ƙara a babbar kotu a Sakkwato, kotu ta ce kada kowa ya taɓa ƙasar sai an yanke hukunci.

Ɗan baffanmu ya zo Wurno da dattawa, suka cika zaure.

"Yaya, yau ga ranarka. Duk karatun da kay yi, yau muke son shi."

Yaya ya gama sauraronsu. Sannan ya ce, "Ba ni iyawa. Ba ni da izinin tsayawa gaban kotun ƙasag ga."

"Mi? Landan ta yarda da kai, Sakkwato ta ƙi?"

"Ba ƙi anka yi ba. Wanda duk yay yi karatu waje, sai ya shiga makarantar lauyoyi ta nan an rantsar da shi. Ni daga Hartum nat tahi Landan, daga nan aiki ya ɗauke ni. Ban taɓa shiga ba."

Wani dattijo ya ce a hankali, "Ashe rijiya gare mu tsakar gida, ba guga."

Bayan sun tafi ya gaya mini zai nemi shiga makarantar. Nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Ya haura sittin, ga ciwon suga, ga gwiwa. Na ce masa a ɗauki lauya a Sakkwato, shi ya zauna a bayansa yana gaya masa abin da zai ce, ai haka manya ke yi ko'ina na je. Na ce mutumin da alƙalai ke miƙe wa ba zai koma layi da sa'o'in 'ya'yansa ana kiran suna yana amsawa ba. Na ce ƙasa za ta zauna ba noma har ya gama, mutane da yunwa za su jira shi?

Ya ce, "Lauyan haya zai ci muna shari'ag ga, ba ni shakka. Shi ci, shi shiga mota shi koma birni. Mu za mu zauna da abin da yac ci. Kana son a binne ka ba ɗan kawunka ko guda bisa kabarinka?"

"To kai in ka tsaya ba ci za ka yi ba?"

"Wanda ke tsaye gaban alƙali shi ka iya roƙon a dakata. Na bayan kujera ba shi da baki."

Na tashi na bar gidan. Na yi makonni ban taka ba. Ranar da na koma na tarar da matarsa a tsakar gida tana guge fararen riguna irin na 'yan makaranta, ga baƙaƙen wanduna a kan igiya. Ta dube ni ta yi dariya.

"Kai Tafinta, ka gama hushin? Bar shi. Wanga mutum tun da nas san shi ɗalibi na. Na yi zaton na auri lauya, ashe ɗan makaranta anka ba ni."

Har yau ina ganin akwai gaskiya a abin da na faɗa, don jikinsa bai koma daidai ba bayan wannan karatu. Amma ya tafi. Ya bar ƙarar a hannun wani lauya da sharaɗin ya riƙe ta kawai.

Na kai masa ziyara sau ɗaya. Mai gadi ya ba ni labari cewa ranar farko ya tare shi ya ce iyaye ba sa wuce ƙofa. Na hango shi yana fitowa daga aji cikin farar riga da ɗaurin wuya, mutumin da na saba gani cikin babbar riga da rawani, yana ɗingishi a tsakiyar samari da 'yan mata, kowa na ce masa Baba. Ya ce mini dokar ba ta ba shi wahala ba, hannu ne ya ba shi. Jarrabawa da gudu ake rubuta ta, hannunsa kuwa ya fara rawa. Sai ya riƙa zama bayan sallar asuba yana kwafar shafi bayan shafi kamar yaron da ke koyon rubutu, don hannun ya saki. Wata rana gwiwa ta sa ya makara, malamar ajin ta tsayar da shi a ƙofa ta yi masa faɗa a gaban kowa. Ya sunkuyar da kai ya ba ta haƙuri. Na ce, "Ba ka gaya mata ko kai wane ne ba?" Ya ce, "Ta sani. Ɗalibin da yam makara." Da aka tura su koyon aiki ya zo Sakkwato yana ɗaukar jaka a bayan lauyan da bai kai ɗansa na fari ba. Da na tambaye shi ko akwai abin da ya ba shi dariya, ya ce, "Nan ma sai an ci tuwon dare. Da Inna na da rai da ta ce ta hwaɗi."

Abin da bai ba shi dariya ba shi ne shirun taubashinmu. Rani biyu fadamar nan na kwance ba shuka, gaɓa biyu na zagin Yaya, namu na cewa ya tafi wasan makaranta ya bar su da yunwa, na ƙetare na cewa ya tafi wasa wuƙar da zai yanka dangin uwarsa. Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya ce masa bawa. Ranar da aka rantsar da shi ya sa baƙar riga da farar hular gashi ta lauyoyi, muka tsaya ɗaukar hoto, sai ya ce mini, "Da mutumin ga na nan, da ya ce na ɗora tunkiya bisa kai."

A zaman farko da ya tsaya gaban alƙali, abin da ya fara roƙo shi ne a ba su lokaci su gwada sulhu. Aka ba su. Ya tara mutanenmu ya gaya musu gaskiya ba ɓoyo. Ya ce a dokar da muka gada daga Ingila, in gulbi ya ci ƙasa a hankali, wanda ya samu ya samu, in kuwa ya yi tsalle lokaci ɗaya kamar namu, iyaka na nan inda take. Ya ce dokar Faransa ma tana ba mai gona damar bin gonarsa in ya gane ta. Malaman fiƙihu kuma sun yi magana a kan ƙasar da ruwa ya janye ya bari, wasu suka ce ta maƙwabcinta ce, wasu suka ce ta jama'a ce duka.

"In kunka ce in ci, ina ci da yardar Allah. Ƙarar taku ta, ba tawa ba. Amma kafin nan ku ba ni safiya guda, ku ga abin da za ku ci."

Da safiyar ya kai mu ƙetare. Ya dage sai lauyan masunta ya zo, don ya ce ba ya magana da mutanen wani lauya a bayan idonsa. Bai kai mu gonakin ba. Tsohon gulbi ya nufa. Ni ban taɓa zuwa ba tun bayan ambaliya. Jirage na kwance a kan busasshiyar laka sun tsattsage, taruna sun ruɓe a kan turaku. Taubashinmu na tsaye da mutanensa, bai dube mu ba.

Yaya ya nuna jirgin taubashinmu ya ce wa ɗan baffa, "Yau ba tabarma. Shiga nan ka zauna."

"Ni? Cikin jirgi bisa tudu? Yaya, hauka kake son a ce na yi?"

"Shiga. Kai ne mai jirgin ga. Hwaɗa muna mi anka yi maka. Ba ka sauka sai mai shi ya ce haka na."

Ya shiga yana huci. Ya ce, "Ni masunci na, na ga gonar mutane na yi kwaɗai."

Masunta suka yi ca. Yaya ya ɗaga hannu. "Ba ka hwaɗi daidai ba. Sake."

Ya sake, ya ƙara ɓatawa. Rana ta fara zafi. Ba wanda ya tafi. Ɗan baffa ya dubi ƙasan jirgin, ya sa yatsa a wata tsaga. Da ya sake buɗe baki muryarsa ta sauka.

"Ni ban iya noma ba. Ubana bai iya ba. Nan nika jefa taru tun ina yaro. Na kwana da gulbi, na tashi ba gulbi. Inda yak koma an ce in na shiga a kashe ni. Yara na kuka. Ga ƙasa bakin ƙofata, ba kowa bisanta." Ya tsaya. "In ban shuka ba mi za su ci?"

Kowa ya juya ga taubashinmu. Ya daɗe yana tauna goro. Sannan ya ce, "Haka na."

Daga nan muka taka zuwa bakin sabon gulbi. Akwai wani gawo da ke tsaye a tsakiyar ruwa, wanda dā yake tsakiyar gonar baffanmu, a gindinsa muke cin abinci lokacin dashe. Yaya ya ce wa taubashinmu ya dubi gawon ya yi magana da bakin mai shi. Shi bai yi gardama ba, amma sai da ya yi sau biyu. A na biyun ya ambaci rijiyar da baffa ya haƙa da hannunsa, da irin albasar da aka yi ta ajiyewa tun kakanni, da yadda mutum zai tsaya a gaɓa yana kallon wani na girbe fangalinsa. Ɗan baffa ya ce haka ne tun bai rufe baki ba.

Ba a gama a ranar ba. An yi ta zama, an yi ta tashi baram-baram. Abin da aka tsaya a kai a ƙarshe shi ne kowane manomi ya koma gonarsa ko da tana ƙetare, masunta su riƙa fito da su. Ruwa kuwa duk inda ya bi na masunta ne, ko da ta tsakiyar gonar wa ya ratsa, kuma a bar musu hanyar isa gare shi. Tsohon gulbi, wanda lakarsa ta fi ko'ina ƙarfi, ya zama gonar masunta. Aka kira masu awo, aka kafa ginshiƙan siminti, aka dasa giginya a gindin kowanne. Yaya da lauyan masunta suka kai wa alƙali, ya mai da sulhun hukuncin kotu. Wannan ne kaɗai shari'ar da yayana ya taɓa tsayawa a kanta a ƙasar haihuwarsa.

Ba kowa ya gode masa ba. Wasu namu sun so a haɗa musu da ruwan da rabin tsohon gulbi, tunda an ce suna iya ci. Ɗan baffa ya sa hannu, amma ya daina gaishe da Yaya, ya ce ya zaunar da shi cikin jirgi a kan tudu yara na kallo. Sai da aka cire albasar farko, wata safiya matar Yaya ta buɗe ƙofa ta tarar da buhun albasa a jingine, ba wanda ya ga mai kawowa. Yaya ya duba ɗaurin bakin buhun ya ce, "Na san hannun."

Ina zaure ranar da ɗayan ya zo. Muna jin rediyo bayan la'asar sai muka ji sanda na buga ƙofa, ga ƙanshin bandar kifi.

"Ina bawan gidan ga? An ce ya koma makaranta da tsufa, wai har an ɗora mai tunkiya bisa kai. Hito in gani ko ka yi hankali."

Na ga yayana a gaban manyan mutane a ƙasashe da dama, na ga ranar da aka rantsar da shi. Ban taɓa ganin fuskarsa kamar yadda na gan ta a wannan lokaci ba. Ya miƙe bai nemi sandarsa ba, ya ce, "Shigo, ubangidana. Ka daɗe."

Bayan sadakar uku, matarsa ta kira ɗiyata, wadda ke aikin lauya a Yamai kuma take tunanin dawowa gida amma tana jin nauyin komawa aji da 'ya'ya uku. Ta miƙa mata hular gashin da baƙar rigar a cikin jaka. Ta ce, "Baffanki ya ce in kin tashi tuɓe takalmi bakin iyaka, ga wanga shina jiranki ciki." Ɗiyata ta karɓa da hannu biyu. Tabarmi biyun kuwa ɗan baffa da taubashinmu suka raba, kowa ya ɗauki ɗaya, suna gardamar wadda ta fi sabunta.

Allah ya gafarta wa Yaya, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu haƙurin rashinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Damina uku da suka wuce gulbin ya sake motsawa, ya ci gefen wasu gonaki ya bar wasu a ƙetare. Ba wanda ya ɗauki sanda, ba wanda ya je Sakkwato. Da ruwa ya janye manoma suka bi giginyu suka gane gonakinsu, masunta suka bi ruwa inda ya koma, suka fito da manoman a jiragensu. A ƙauyenmu gulbi ya daina zama iyaka.